Katangar Berlin: Canjaras Ɗin da Ya Fara Raba Kasparov da Kambunsa

Ranar 8 ga Oktoban 2000, a ɗakin wasannin Riverside Studios da ke unguwar Hammersmith ta birnin Landan, Garry Kasparov da Vladimir Kramnik suka zauna wasan farko na karawar neman kambun duniya a darar ces, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji. Taku 25 kowannensu ya yi, suka miƙa wa juna hannu, aka tashi canjaras. Daga taku na tara har zuwa ƙarshe babu wanda ya ci wa ɗan'uwansa ko da dakare ɗaya. Wanda ya dubi sakamakon kawai zai ɗauka gaisawa suka yi, kowa yana taunar ɗan'uwansa kafin a shiga faɗan gaske. Ni kuwa duk lokacin da na sake jera wasan nan a kan allo sai in ƙara gamsuwa cewa a cikinsa aka ƙulla duk abin da ya biyo baya, har zuwa ranar da kambu ya bar hannun Kasparov.

Kasparov yana riƙe da kambun tun 1985. Makinsa na ƙwarewa a lokacin 2849 ne, na Kramnik 2770, kuma a wannan mataki tazarar kusan maki 80 ba ƙarama ba ce. Shekararsa 37, Kramnik 25. Ƙari a kan haka, Kramnik ɗan gida ne: ya yi karatu a makarantar dara ta tsohon zakaran duniya Botvinnik da Kasparov tun yana yaro, Kasparov ne ya tsaya masa aka sa shi cikin tawagar Rasha a gasar ƙasashe ta Manila a 1992, kuma yana cikin masu taya Kasparov shiri lokacin da ya kare kambunsa a hannun Viswanathan Anand a 1995. Wasu ma suna ganin bai cancanci karawar ba, tunda Alexei Shirov ya doke shi a 1998 a wasan fitar da mai ƙalubale. Wasa 16 aka tsara, kuɗin gasa dala miliyan biyu, kuma idan aka tashi takwas da takwas Kasparov ne zai ci gaba da riƙe kambu.

A wannan dara mai farare ne ke fara taku, kuma wannan 'yar rata ita ce jarin manyan 'yan wasa. Kasparov ya fi kowa iya juya ta. Ya shahara da shirin gida mai zurfi, shi da mataimakansa da kwamfutocinsu, yadda sau da yawa abokin karawa yakan tsinci kansa cikin wuta tun bai gama fito da dawakinsa ba. Tambayar da ke gaban Kramnik ke nan: sau takwas zai riƙe baƙaƙe, ta ina zai bi ya fita da ransa?

Ga wanda bai saba ba, kowane gida a allo yana da suna: harafi daga a zuwa h yana nuna layin tsaye, lamba daga 1 zuwa 8 tana nuna layin kwance. Kasparov ya tura dakaren gaban sarki zuwa e4, Kramnik ya tare shi a e5. Doki zuwa f3, doki zuwa c6, sai giwar Kasparov, wadda ke tafiya a karkace kan gidaje masu launi ɗaya kawai, ta tafi b5. Wannan shi ne buɗin da ke ɗauke da sunan Ruy Lopez, limamin cocin Sifaniya da ya yi rubutu a kansa a 1561. Abin da aka fi sabawa a nan shi ne mai baƙaƙe ya tura dakare zuwa a6 ya tambayi giwar me ta zo yi. Kramnik bai yi haka ba. Ya fito da dokinsa na biyu zuwa f6, tsohuwar kariyar da ake jingina wa gwanayen birnin Berlin na ƙarni na 19, wadda a lokacin manya suka daɗe da ajiye ta a gefe. An san Kramnik da wasu kariyoyi daban, musamman Petrof da Sisiliya, kuma su ne duk mai shiri a kansa zai fi sa wa ido.

Abin da ya biyo baya ya tafi kamar yadda yake a littafi. Kasparov ya ɓoye sarkinsa, wato takun nan da sarki da hasumiya ke yi tare su sauya wuri. Dokin Kramnik ya ci dakaren e4. Kasparov ya tura dakare d4, dokin ya ja da baya zuwa d6 yana taɓa giwar. Giwa ta ci dokin c6, dakaren d7 ya rama. Dakaren d4 ya ci na e5 yana korar doki, doki ya tsallaka f5, layin d ya buɗe, sarauniyar Kasparov ta ci ta Kramnik a d8, sarki ya cinye ta. Taku takwas kacal, sarauniyoyi sun bar allo.

A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin duk rigimar tana cikin wannan tsayuwa.

A ido, mai farare ya samu duk abin da malamai ke koya wa yara su nema. Sarkin Kramnik ya motsa, don haka ya rasa damar ɓuya har ƙarshen wasa. Yana tsaye tsakiyar layin baya, ya raba hasumiyoyinsa biyu. Dakarunsa na ɓangaren sarauniya huɗu ne, amma biyu sun hau layi ɗaya, c7 da c6, kuma irin waɗannan ba sa iya kutsawa ta cikin ukun da ke gabansu idan mai ukun ya san abin da yake yi. Kasparov kuwa yana da huɗu lafiyayyu a ɓangaren sarki, a e5 da f2 da g2 da h2, suna fuskantar uku. Da za a kwashe dawaki da giwaye da hasumiyoyi a bar sarakuna da dakaru kawai, galibi mai farare ne zai fitar da dakare ɗaya da babu mai tare shi, ya kai shi ƙarshe ya zama sarauniya. Kuma ya riga abokinsa fito da mayaƙa. Wannan lissafi ne ya sa aka daɗe ana kallon tsayuwar a matsayin wahalar da mai baƙaƙe ke saya wa kansa.

Abin da Kramnik da mataimakansa, Sergey Dolmatov da Miguel Illescas da Joel Lautier, suka auna ya fi wannan zurfi. Na farko, sarkin da ke tsakiya yana cikin haɗari ne idan akwai sarauniyar da za ta farauce shi. Ba ta nan. Na biyu, kuma wannan ne ƙashin bayan kariyar, giwar da Kasparov ya bayar a taku na shida ita ce mai yawo a gidaje masu haske. Wadda ta rage masa ta gidaje masu duhu ce, ga kuma dakarensa a e5, shi ma gida mai duhu, ya tsaya mata a hanya. To, dakarun nan huɗu idan za su ci gaba ta ina za su bi? Ta g4, ta f5, ta e6. Duka ukun gidaje masu haske ne, kuma Kramnik kaɗai ke da giwar da ke taka su. Rinjayen dakarun gaskiya ne, amma hanyar da zai bi ya zama nasara tana hannun abokin gaba. Dakaren e5 ya yi gaggawar shiga gaba da taku ɗaya. Da a e4 yake, da shi zai tsare f5 da d5, da labarin ya sha bamban.

Yanzu a bi wasan da wannan ido. Kasparov ya kai doki c3, Kramnik ya sa giwa a d7. Kasparov ya tura b3 don giwarsa ta zauna a b2, Kramnik ya tura h6 ya hana doki ko giwa sauka a g5, sannan ya janye sarkinsa daga layin d zuwa c8. A taku na 12 Kasparov ya tura h3. Ƙaramin taku ne, amma ya faɗi niyyarsa: yana son g4 ya kori dokin f5, sannan f4, sannan f5, dakaru su taho kafaɗa da kafaɗa. Kramnik ya tura b6 ya gyara wa sarki wurin zama a b7. Da hasumiyar Kasparov ta hau d1, sai dokin f5 ya bar wurin da kansa tun ba a kore shi ba, ya koma e7, daga nan g6, inda yake kallon dakaren e5. Kasparov ya mayar da doki e2 don giwar b2 ta ga dakarenta, ya mayar da ɗaya dokin e1 don ya ba dakaren f2 hanya.

Sai taku na 15 na Kramnik: dakare zuwa h5. Idan aka ce in zaɓi taku ɗaya a wasan nan, shi zan zaɓa. Daga nan g4 ta zama asara, domin bayan musayar dakaru giwar d7 za ta cinye wanda ya rage a wurin. Taku uku bayan haka dakaren ya ƙara gaba zuwa h4, ya kafe. Akwai doka a wannan dara cewa dakaren da ya yi tsallen gida biyu ya gifta ta gefen dakaren abokin gaba, ana iya cin sa nan take kamar gida ɗaya ya taka. Saboda haka duk ranar da dakaren g2 ya yi tsalle zuwa g4, na h4 zai ɗauke shi a g3, jerin ya tarwatse. Dakare ɗaya ya ɗaure biyu, g2 da h3. Huɗun da ake taƙama da su sun koma biyu masu iya tafiya.

A ɗaya ɓangaren ma an rufe ƙofofi. Dokin Kasparov ya zo d3, Kramnik ya tura c5, Kasparov ya tare shi da c4 don kada ya ƙara gaba. Kramnik ya tura a5 yana neman a4 ya buɗe wa hasumiyarsa layi, Kasparov ya toshe da a4. Toshewar ta zama dole, amma a duba inda dakarunsa suka tsaya: a4, b3, c4, dukansu gidaje masu haske, abincin giwar da shi ba shi da kishiyarta. Musamman b3, wanda babu dakaren da zai iya tsare shi. Idan wasa ya yi nisa aka rage mayaƙa, wannan abin tsoro ne, kuma shi ya sa mai farare ba zai iya afkawa gaba ido rufe ba.

Kasparov ya samu gida mai kyau guda ɗaya, d5, ya kuma kai doki can a taku na 20. Doki ne mai ban sha'awa a tsakiyar allo, yana taɓa b6 da c7. Ɗan wasa mai gajen haƙuri zai ci shi da giwa, dakaren c4 ya rama, a wayi gari Kasparov yana da dakaru biyu jere a d5 da e5, an kuma rabu da giwar da dukan kariyar ta dogara a kanta. Kramnik, wanda giwarsa ta riga ta zauna a e6, bai taɓa dokin ba. Sarki kawai ya matsar zuwa b7 ya tsare dakarunsa. Doki ya duba bai ga abin ci ba, ya koma e3.

Hasumiyoyin da sarki ya raba fa? Ta h8 ba ta jira layin baya ba, ta hau h5 ta bayan dakarenta, inda take kallon f5 da e5 a kwance. Ta a8 ta bi ta inda sarki ya tashi ta isa e8, sannan sarki ya dawo c8. Giwar f8 kuwa har aka tashi wasa ba ta motsa ko sau ɗaya ba. Wannan yana burge ni ƙwarai, domin ya saɓa wa darasin farko da ake ba mai koyo, cewa ya fito da kowane mayaƙi da wuri. Kramnik ya gane cewa daga inda take tana tsare d6 da e7 da g7 da c5, kuma babu wani gida da zai fi mata wannan amfani.

A taku na 24 Kasparov ya tura f4, kuma a nan ne kaɗai aka ga barazana tsirara. Yana shirin f5, dakare ɗaya ya soki giwar e6 da dokin g6 lokaci guda. A ƙirga: masu kallon f5 daga wajen Kramnik biyu ne, giwa da hasumiyar h5, masu goya wa dakaren baya su ma biyu ne, dokin e3 da hasumiyar f1. Biyu da biyu, mai cin dakaren ne zai yi asara. Kramnik ya mayar da doki e7, suka zama uku. Yanzu f5 kyautar dakare ce. Kasparov ya kai ɗaya dokin f2, Kramnik ya dasa nasa a f5, gidan da ya baro tun taku na 13. Idan an ci shi a can, giwa ko hasumiya za ta maye gurbinsa. A nan suka amince da canjaras. Dokin nan shi kaɗai ya yi takwas daga cikin taku 25 na Kramnik, ya kewaya ya dawo, kuma ko ɗaya ba a banza ba.

Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa mun san kunnen doki iri-iri ne: akwai wanda baƙo ke murna da shi, mai gida yana cizon yatsa. Na wannan rana irinsa ne. A takarda kowa ya samu rabin maki. A zahiri Kasparov ya kashe ɗaya daga cikin damarsa takwas ta riƙe farare, bai ko girgiza abokinsa ba, kuma ya koma masauki da aikin da bai yi tsammani ba. Irin aikin ma ba wanda ya fi ƙwarewa a kai ba ne. Kwamfutocin wancan zamani sun iya lissafin faɗa na kusa, amma tsayuwa irin wannan, wadda sai an hango abin da zai faru bayan taku ashirin na jan ƙafa, ba su da abin kirki da za su faɗa a kanta. Kramnik ya janye faɗan daga filin da shirin gida da zafin kai hari ke aiki, ya kai shi inda haƙuri da sanin wurin zaman kowane mayaƙi ke aiki.

A wasa na biyu Kramnik ya riƙe farare ya doke kariyar Grunfeld ta Kasparov, wadda bai sake fito da ita ba har aka gama. Daga nan nauyi ya koma kan zakara. A wasa na uku ya dawo wa Berlin da gyara: ya bar h3, ya kai hasumiya d1 tun taku na 12, ya hanzarta doki ta f4 zuwa d5. Ya matsa sosai, wasan ya kai taku 53, amma canjaras. A na tara Kramnik ya sauya salo, ya fara da h6 ya ajiye sarki a e8 maimakon c8, don kada shirin da aka yi wa tsarin farko ya same shi. Shi ma canjaras. Kramnik ya sake cin na goma cikin taku 25. Ranar 2 ga Nuwamba, bayan wasa na 15, aka tsaya a takwas da rabi da shida da rabi. Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba, abin da bai faru da mai riƙe da kambu ba tun da Emanuel Lasker ya faɗi a hannun Capablanca a Habana a 1921. Dara ta ci gida: yaron da ya taya shi shiri shekara biyar baya shi ne ya san inda za a tare shi.

A ganina Kasparov ya yi kuskuren nacewa. Yana da buɗin Sukotlan, inda ake tura d4 tun taku na uku, wanda shi da kansa ya farfaɗo da shi a karawarsa da Karpov a 1990, amma bai gwada shi a Landan ba ko sau ɗaya. Ya ɗauki kariyar Berlin a matsayin katangar da dole ya rusa da goshinsa. Sai dai ba na haɗa dukan canjaras ɗin a kwando ɗaya. Na farko da na uku da na tara wasanni ne da aka yi gumi a cikinsu. Na 13 kuwa, shi ma Berlin, an tashi ne a taku 14, alhali Kasparov yana baya da maki biyu kuma wasa huɗu suka rage har da shi. Na bakwai ma taku 11 ne. Waɗannan suna ɓata mini rai, domin masu kallo sun cancanci fiye da haka, kuma irinsu ne suka sa daga baya, a gasar Sofiya ta 2005, aka hana 'yan wasa yi wa juna tayin canjaras kai tsaye. Laifin gajeren wasa na masu wasan ne, ba na buɗin ba.

Bayan Landan, kariyar da aka yi wa kallon tsohon yayi ta zama garkuwar kusan kowane babban ɗan wasa, har aka laƙaba mata sunan katangar da ta raba birnin Berlin. Magnus Carlsen ya dogara da ita a kan Anand a Chennai a 2013. A Sochi a 2014 Anand ne ya riƙe ta, wasa na bakwai ya kai taku 122 kafin a tashi canjaras, wanda ya isa amsa ga masu cewa tsayuwar ba ta da rai. Masu farare da yawa sun gaji, suka koma tura d3 a taku na huɗu don sarauniyoyi su zauna, ko su kai giwa c4 tun farko su kauce wa zancen gaba ɗaya. Dawowar tsohon buɗin Italiya a manyan gasa tana da alaƙa da wannan.

Kasparov bai samu karawar ramuwa ba har ya yi ritaya a 2005, amma ya sake haɗuwa da katangar. A tsakiyar 2001, a zagayen ƙarshe na gasar Astana a Kazakistan, Kramnik yana gabansa da rabin maki, ya sake kafa masa Berlin. Wannan karon Kasparov bai tsaya jiran g4 da f5 ba. A taku na 16 ya tura dakaren e5 zuwa e6 ya bayar da shi kyauta. Dakaren da ya toshe giwar b2 a Landan ya tashi daga hanya, layin e ya buɗe a kan sarkin da ke e8, dawaki suka samu gidajen shiga. Ya ci wasan, ya ci gasar, wata bakwai bayan kambu ya koma hannun Kramnik.